Abin da Keke Zai Iya Ɗauka: Darasin Godiya Daga Masu Doguwar Tafiya

A watan Janairun 1963, lokacin da Turai ke cikin wani irin sanyi da aka daɗe ba a ga kamarsa ba, wata mata 'yar ƙasar Ailan mai shekara 31, Dervla Murphy, ta hau kekenta a garin Dunkirk da ke arewacin Faransa ta nufi Indiya. Ita kaɗai ce. Duk guzurinta yana cikin jakunkuna biyu da ta rataya a bayan keken da wata 'yar ƙaramar jakar goyo, kuma in aka haɗa su gaba ɗaya ba su kai nauyin jarkar mai ga-ruwa guda a cike ba. Bayan wata shida ta shiga birnin Delhi.

Hanyar ba ta yi mata da sauƙi ba. An karya mata haƙarƙari, zafin rana ya kayar da ita, ta yi fama da atini. Amma da ta zo rubuta labarin tafiyar a littafinta mai suna Full Tilt, wanda ya fito a 1965, sai ta sadaukar da shi ga mutanen Afganistan da Pakistan, tana gode musu saboda karamcin da suka yi mata.

Wannan godiyar ce ta ja hankalina. Duk wanda ya bibiyi labaran mutanen da suka yi watanni ko shekaru a kan keke, suna kwana inda dare ya yi musu, zai ga kusan bakinsu ɗaya. Suna ba da labarin wahala, amma abin da ya fi zama a ransu shi ne daɗin kurɓin ruwa, da ɗumin shayi, da fuskar wani baƙo da ya ce su shigo su huta. Mu kuwa da muke kwana kan katifa, da fanka da waya a gefe, sau da yawa da ƙorafi muke kwana, da shi muke tashi. Akwai dalili, kuma dalilin yana da amfani ga gidajenmu ko da babu wanda zai taɓa hawa keke ya bar gari.

Shekara 16 a bakin gado

An haifi Dervla a 1931, ta girma a Lismore, wani ƙaramin gari a kudancin Ailan, inda mahaifinta yake kula da ɗakunan karatu na yankin. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Tun tana jaririya mahaifiyarta ta kamu da amosanin gaɓoɓi mai tsanani, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa tana cin gaɓoɓin mai ita, har ta kai ba ta iya tafiya. Ranar da Dervla ta cika shekara 10 aka ba ta kyautar keke na hannu da littafin taswirar duniya, kuma tun a lokacin ta ƙudura a ranta cewa wata rana sai ta je Indiya a kan keke.

Burin ya jira fiye da shekara 20. Tana da shekara 14 ta bar makaranta ta koma gida jinyar mahaifiyarta, ta shafe shekara 16 a kai. Mu ma'aikatan jinya mun san abin da wannan adadi yake nufi, haka ma duk macen da ta taɓa riƙe tsohon da ba ya tashi: juya mara lafiya cikin dare don kada bayansa ya yi gyambo, wanka, kai shi bayan gida, tashi sau uku ko huɗu kafin asuba. A asibiti muna yin awanninmu mu miƙa wa wata mu tafi gida. Mai jinyar gida ba ta da wadda za ta miƙa wa. Dervla ba ta ɓoye ba, a tarihin rayuwarta da ta rubuta daga baya, cewa shekarun ƙarshe na jinyar sun kusa karya ta.

Mahaifinta ya rasu a 1961, mahaifiyarta ta bi shi a 1962. Watanni kaɗan bayan haka ta kama hanya. Keken nata na maza ne, ƙirar Armstrong, ta raɗa masa suna Roz. Kafin ta tashi sai da ta sa aka cire masa giyar sauya gudu, domin tana ganin duk abin da ya cika sarƙaƙiya zai lalace a hanyoyin Asiya inda babu mai gyara. Tayoyin canji kuma ta aika da su ta gidan waya zuwa ofisoshin jakadancin Birtaniya da ke kan hanyarta, don kada ta ɗauki nauyinsu.

Ta bi ta Faransa, Italiya, Yugoslabiya ta wancan zamani, Bulgeriya, Turkiyya, Iran, Afganistan da Pakistan. Inda dusar ƙanƙara ta toshe hanya ko hukuma ta hana ta wucewa ita kaɗai, takan hau babbar mota ko bas. A cikin irin wannan bas ɗin ne a Afganistan rigima ta ɓarke tsakanin wasu maza, gindin bindiga ya same ta a ƙirji. A arewacin Pakistan ta haye mashigin dutsen Babusar, mai tsawon sama da mita 4,000, tana tura keken, wani wurin tana ɗauke da shi. Takan kwana a ƙasa a shagunan shayi, ko a barikin jami'an tsaro, ko a fili. Abincinta a kwanaki da yawa bai wuce gurasa da shayi ba.

A ganina, macen da ta yi shekara 16 ba ta san barcin dare cikakke ba, ba za ta raina tabarmar shagon shayi ba. Ta riga ta san darajar abin kafin ta same shi.

Cinya ce injin

Mai mota yana iya loda duk abin da ransa ya so, inji ne zai ji a jikinsa. Mai keke kuwa cinyarsa ce injin. Kowane kilo da ya ƙara, shi zai biya kuɗinsa da gumi a kan tudu na gaba. Shi ya sa kayan mai doguwar tafiya suke kusan iri ɗaya a ko'ina: ƙaramin tanti, jakar barci, 'yar shimfiɗa, ƙaramin risho, tukunya ɗaya, cokali ɗaya, tufafi kala biyu ko uku, gorunan ruwa, tocila, famfo da kayan faci. Da yawansu sukan faro da fiye da haka, amma kafin wata ya zagayo sun kyautar da rabi ko sun mayar gida. Tudu ba ya jin roƙo.

Wani Bature ɗan Ingila, Alastair Humphreys, ya bar gida a 2001 yana ɗan shekara 24, bai dawo ba sai 2005. Ya yi tafiyar kimanin kilomita 74,000 a ƙasashe 60. Ya ratsa Afirka daga Masar ta Sudan da Habasha har Afirka ta Kudu, ya bi nahiyar Amurka daga kudu zuwa arewa, ya shiga Saberiya da ke Rasha a tsakiyar hunturu, yana kwana a tanti cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Abin da ya kashe a shekaru huɗun nan kimanin fam 7,000 ne, wato ƙasa da fam 5 a rana. Sirrin ba wani abu ba ne illa kwana a tanti da cin abinci mafi arha, burodi da jam da taliyar leda.

Mutumin da ke irin wannan rayuwa tambayoyinsa na yini ba su da yawa. Ina zan sami ruwa? Me zan ci? Ina zan kafa tanti kafin duhu? Hanyar gaba lafiya take? In ya kwanta ya sami amsar huɗun nan, ranar ta yi kyau, kuma ya san ta yi kyau. Mu a gari buƙatunmu ba su da bakin iyaka. Ana biyan ɗaya, uku sun tsaya a layi: kuɗin makaranta, ankon biki, sabuwar waya, labulen da aka gani a gidan wance. Wuya ne dare ya yi mutum ya ji cewa yau kam komai ya cika.

Abin da jiki yake faɗa

Wani ɓangare na wannan godiya daga jiki yake tasowa. Mai tuƙa keke cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya ko fiye a awa guda. Ita kuma lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka ba zai iya ɗaukar duk abin da yake buƙata ba. Dole ya lissafa kowane kurɓi daga wannan rijiya zuwa ta gaba. Gumi ba ruwa kawai yake fitarwa ba, har da gishiri, shi ya sa masu tafiyar suke riƙe da haɗin nan da muke koya wa iyaye mata a asibiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya yi awa uku yana tattalin rabin gora, in ya iso famfo ba sai an ce masa ya yi hamdala ba.

Haka abinci. Wanda ya wuni yana taka feda zai iya ƙona kusan ninki biyu na kuzarin da mai zaman ofis yake ƙonawa. Yunwa irin wannan ba ta tambayar ko an sa nama a miya. Shinkafa da manja a cikin tukunyar da aka dafa ta sai ta zama liyafa.

Barci ma yana gyaruwa. A 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Amurka, ƙarƙashin Kenneth Wright, sun kai mutum takwas daji suka yi mako guda a tanti, babu wutar lantarki, babu waya, babu tocila, sai hasken rana da na wutar itace. Da aka auna su bayan sun dawo, sai aka ga sinadarin melatonin, wanda yake sanar da jiki cewa lokacin barci ya yi, ya koma fitowa da wuri da kimanin awa biyu. Agogon jikinsu ya koma bin faɗuwar rana da fitowarta. Mutanen ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da kakanninmu suke yi ba tare da bincike ba: a kwanta bayan isha'i, a tashi da asuba.

Me ya sa daɗi yake dusashewa

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa zuciya tana sabawa da alheri da sauri. Sabuwar katifa daɗinta na mako biyu ne, daga nan ta zama katifa kawai. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa biyu suka tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar lotiri a Amurka, suka kwatanta su da wasu mutanen yankunansu da ba su ci komai ba. Masu kuɗin ba su fi sauran farin ciki da wani abin kirki ba. Abin da ya fi ban mamaki, sun ce ba sa jin daɗin ƙananan abubuwan yau da kullum, irin su karin kumallo da hira da aboki, kamar yadda sauran suke ji.

Akwai kuma binciken da ya gwada akasin haka. A 2013 Jordi Quoidbach da Elizabeth Dunn suka ba wasu ɗalibai cakulan suka ci. Sai aka ce wa wasu su ƙaurace masa na mako guda, wasu kuma aka cika musu jaka aka ce su ci iya cinsu. Da mako ya cika aka sake ba kowa, waɗanda suka ƙaurace ne suka fi jin daɗinsa.

Mu ba baƙi ba ne ga wannan. Kowa ya san ɗanɗanon kurɓin farko lokacin buɗa baki, alhali ruwan nan ne dai na randar da muke wucewa kullum. Kowa ya san ihun yara a unguwa in an kawo wuta bayan kwana biyu, ihun da ba za ka taɓa ji ba a garin da wuta ba ta ɗaukewa.

A ɗakin marasa lafiya na tiyata abin ya fi fitowa fili. Wanda aka yi wa aiki a ciki akan hana shi ci da sha na wani lokaci, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Ranar da likita ya ce a ba shi kurɓi ɗaya, za ka ga babban mutum, mai gidaje da motoci, ya riƙe kofin roba da hannu biyu yana lumshe ido. In iska ta fita daga cikinsa, alamar hanji ya farka, dangi har barka suke yi wa juna. Ranar da ya taka da ƙafarsa ya je bayan gida ba tare da an riƙe shi ba, sai ya kira gida a waya ya ba da labari. Bayan wata uku in kun haɗu a hanya, ya koma ƙorafin cunkoson motoci kamar kowa. Ba laifinsa ba ne, haka aka gina zuciya. Abin da doguwar tafiya a keke take yi shi ne ta hana wannan mantuwar samun wurin zama, domin kowace rana sai mutum ya rasa ruwa, inuwa da makwanci na wasu awanni, sannan ya same su.

Hannun baƙo

Sai dai ruwa da barci ba su ne suka fi yawa a labaran matafiyan nan ba. Mutane ne. Mai mota yana wucewa ta ƙauye gilashi a rufe. Mai keke a hankali yake shigowa, a gajiye, ƙura ta rufe shi, kowa yana ganin fuskarsa, kuma dole ya tsaya ya yi sallama ya roƙi ruwa. Ba shi da abin da zai yi taƙama da shi. A nan ne yake gane cewa yawancin mutanen duniya, musamman marasa hali, suna da saurin buɗe ƙofa. Dervla ta sha cin abinci a gidajen da abincin bai ishi masu gidan ba, kuma sau da yawa in ta miƙa kuɗi a ƙi karɓa. Humphreys ma ya yaba karamcin mutanen Sudan ƙwarai.

Muna da misali na kusa. A watan Mayun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini mai shekara 25, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya nufi Masar domin neman gurbin karatu a Jami'ar Azhar, saboda ba shi da kuɗin jirgi. Kayansa ba su wuce tufafin canji, tocila da sukudireba ba. Ya bi ta Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, ya yi kimanin kilomita 4,000 kafin ya isa Chadi. Yakan kwana a daji saboda tsoron abin da zai same shi a cikin gari. Sau uku jami'an tsaro suna tsare shi, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. A Chadi wani ɗan jarida ya yi hira da shi, labarin ya bazu a intanet, wasu bayin Allah da ba su san shi ba suka haɗa masa kuɗin jirgi, domin gabansa Sudan ce kuma yaƙi ake yi. Ya sauka Alƙahira a farkon Satumba, Azhar ta ba shi gurbi da tallafin karatu. Ƙafarsa ce ta kai shi Chadi, amma hannun baƙi ne ya ƙarasa da shi.

Wannan yana tuna mini da barandar asibiti da dare. Masu jinya su ma zaman tanti suke yi, sai dai babu tantin. Kayan kowace ba su wuce tabarma, buta, bokiti, filas, kula da zani biyu ba. Matar da ta zo daga ƙauye da matar babban ma'aikaci sai ka gan su tabarma na gogar tabarma. Wannan ta ɗiba wa waccan ruwan zafi, waccan ta kula mata da mara lafiya ta je ta yi salla. Kafin sati ya cika sun koma Yaya da Ƙanwata, ranar sallama har da hawaye da karɓar lambar waya. A gida, inda kowa yake da komai nasa a bayan geti, shekara sai ta wuce maƙwabciya ba ta buƙaci maƙwabciya ba. Wanda bai taɓa buƙatar kowa ba, da wuya ya iya cewa na gode har cikin ransa.

Zaɓi daban, tilas daban

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Humphreys yana da fasfo mai ƙarfi da gidan da zai koma duk ranar da ya gaji. Dervla tana da ofisoshin jakadanci da ke ajiye mata taya. Su zaɓa suka yi su rage. Barry kuwa rashin kuɗin jirgi ne ya ɗora shi a kan keke. Haka nan magidanta da yawa a garuruwanmu da suka ajiye mota ko babur suka kakkaɓe tsohon keke bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, ba yawon buɗe ido suka fita ba. Uwar da take auna gari da gwangwani tana lissafin ko zai kai jibi ba ta buƙatar wani ya zo ya koya mata daɗin rayuwa mai sauƙi. Yunwar da mutum ya san ƙarshenta da wadda bai san ƙarshenta ba, ba ɗaya ba ne a jiki, ba ɗaya ba ne a zuciya. Muna ganin bambancin a ma'aunin nauyin yara kowace ranar awo.

Ita kanta Dervla ba ta rufe ido ga wannan ba. Ta rubuta cututtuka da rashin abinci da ta gani a ƙauyukan tsaunukan Pakistan. Da ta isa Indiya kuma ba ta juya gida nan take ba. Ta tafi Dharamsala ta yi watanni tana aikin sa-kai a wurin renon yaran 'yan gudun hijirar Tibet, yara masu ƙazwa da gudawa da tamowa. Macen da ta fito daga jinyar shekara 16 ta sake komawa jinya, wannan karon da ƙafarta. Godiyar da ta tsaya a baki ba ta kai wadda ta sauko hannu ba.

Saboda haka godiya ba ta hana neman haƙƙi, kuma bai dace mai ƙoshi ya mayar da ita sandar rufe bakin mai jin yunwa ba. Darasin matafiyan nan ya fi shafar waɗanda Allah ya rufa wa asiri amma suka daina ganin rufin asirin. In muka faɗi gaskiya, da yawanmu masu karanta wannan a waya muna cikinsu.

Dervla ta riƙe wannan salon har tsufa. Tana da shekara 60 ta sake hawa keke daga Kenya zuwa Zimbabuwe, ta rubuta littafi kan yadda cutar ƙanjamau take cin al'ummomin da ta ratsa. Ta rubuta littattafai fiye da 20, amma ba ta taɓa koyon tuƙin mota ba, ba ta ajiye talabijin ba. Ta rasu a Lismore ranar 22 ga Mayun 2022 tana da shekara 90.

Abin da za a iya kawowa gida

Ba na ba kowa shawarar ya ɗauki keke ya je ya kwana a daji a halin tsaron da hanyoyinmu da yawa suke ciki. Ko Humphreys da ya dawo, abin da ya koma yaɗawa shi ne ƙananan fita na dare ɗaya kusa da gida, waɗanda mai aiki da iyali zai iya. Mu ma muna da irin namu, kuma yawancinsu ba sa cin ko sisi.

Lokacin zafi, a zaɓi dare ɗaya a fitar da tabarmi tsakar gida, a ɗaura gidan sauro, a tara wayoyi a ɗaki tun magariba. Da yawanmu haka muka tashi, amma akwai yaran birni da ba su taɓa kwanciya suna kallon taurari ba. Washegari da suka koma katifa, ku saurari abin da za su ce.

In za a je ƙauye hutu ko Sallah, a ba kowane yaro jaka ɗaya, a ce ya zuba abin da zai iya ɗauka da kansa daga mota zuwa gida. Shi zai yi lissafin mai keke: wanne nake buƙata, wanne nake so kawai. In an dawo a tambaye shi abin da bai taɓa ba a cikin jakar.

A gidan da famfo ko tanki yake aiki, a gwada wuni ɗaya a rufe shi, kowa ya ɗebi nasa a bokiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kimanin lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a rana domin sha, girki da ɗan tsabta. Yaron da ya ga yadda lita 20 take ƙarewa zai daina barin famfo a buɗe, kuma zai canza yadda yake yi wa mai ga-ruwa magana.

Sannan a riƙa faɗin abin da aka samu da sunansa. A wani bincike da Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa a 2003, an sa wasu ɗalibai su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma, masu rubuta godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, kuma sun fi ƙarancin koke-koken ciwon jiki. Muna cewa alhamdulillahi sau da yawa a rana, har takan fita ba tare da zuciya ta sani ba. In aka zauna cin abincin dare, kowa ya ambaci abu ɗaya takamaimai: yau Abba ya dawo lafiya, yau zazzaɓin Ummi ya sauka, yau maƙwabciya ta aiko da miya. Kalmar sai ta sami abin riƙewa.

Na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Kusan kowace zuri'a tana da mace ɗaya da aka bar wa jinyar tsoho ko tsohuwa, wata ta bar makaranta, wata ta bar sana'a, wata aurenta ya jinkirta. Akan yaba mata a taron biki, a ce ai wance akwai haƙuri, sannan kowa ya koma gidansa. Rai dangin goro ne, hutu yake so. Ba sai ta jira shekara 16 kafin ta yi barcin dare ɗaya cikakke ba. In akwai irinta a danginku, ku tsara a tsakaninku wanda zai karɓe ta kwana biyu a wata, ta je gidan 'yar'uwa ta kwanta ba tare da kunnenta yana jiran kira ba. Wannan ita ce godiyar da za ta ji a jikinta.

Ku kuma masu karatu, wane abu ne ba ku san darajarsa ba sai da kuka rasa shi na ɗan lokaci? Ku ba mu labari, wataƙila wani ya karanta ya tuna da nasa.